Ɗaliba ce ni, amma sun ɗauke ni lauya: a ina zan tsaya?

Assalamu alaikum. Ni 'yar Kano ce, ina shekara ta biyu a karatun lauya a wata jami'a da ke arewacin Ingila. Na shiga aikin sa-kai na cibiyar taimakon shari'a ta jami'armu, muna shiga unguwanni muna wayar wa mutane kai a kan doka. An tura ni wata cibiyar unguwa da yawancin masu zuwanta matan Pakistan ne, sai 'yan Bangladesh kaɗan. Na shirya bayani a kan aure da haya da haƙƙin ma'aikata, na yi awa ɗaya da rabi ina magana ba wadda ta ce uffan. Da aka tashi sai wata ta ja ni gefe. A Pakistan aka ɗaura mata aure, ta zo da bizar aure, mijin ya karɓe fasfonta, kuma yana cewa duk ranar da ta kai ƙararsa zai sa a mayar da ita gida a raba ta da ɗanta. Na ce mata nikah kaɗai ba aure ba ne a dokar Ingila, kamar yadda na faɗa a bayanina, sannan na ba ta lambata. Yanzu tana turo mini hotunan takardu tana tambayar abin da za ta cike. Ban gaya wa lauyar da ke duba aikinmu ba. Ina kuma tsoron kada aikin ya taɓa bizata ta karatu. In haƙura da shi ne?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki bar aikin. Sai dai a cikin wasiƙarki akwai abin da ba zai jira gobe ba, da shi za mu fara.

Yau ɗin nan ki sami lauyar da ke duba ku, ki kwashe komai ki gaya mata: abin da matar ta faɗa, amsar da kika ba ta, da maganar lambar waya. Don irin wannan ranar aka ajiye ta. Inshorar cibiyarku aikin da aka yi a ƙarƙashin kulawar lauya take ɗauka, hirar WhatsApp ta dare ba ta ciki. Kafin ki je ki rubuta abin da ya faru a shafi ɗaya, da rana da wuri, maganar matar yadda ta faɗe ta, taki ma yadda kika faɗa, ba gyara. Kada ki goge saƙonnin, kada ki tura wa kowa hotunan takardun, ko da ƙawarki ce ta aji. Ki nuna wa lauyar a wayarki, ita za ta faɗi yadda za a adana su.

Kuma kada ki aika wa matar dogon saƙo. Mijin da ya iya karɓe fasfo zai iya duba waya. Abin da za a fara sani shi ne wace hanya ce da wane lokaci ake iya magana da ita ba tare da an jefa ta cikin haɗari ba, kuma ya fi a tambaye ta baki da baki a cibiyar. A sanar da ita cewa in abu ya taso cikin dare ta kira 999. In ba halin magana, daga wayar hannu ta danna 55 idan an buƙata, za a haɗa ta da 'yan sanda.

Abin da ta kwatanta miki, ƙwace takardu da tsoratarwa da maganar kora, yana cikin abin da dokar manyan laifuka ta 2015 ta haramta tsakanin ma'aurata a Ingila da Wales, wato juya mutum da tauye shi ta hanyar tsoro, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5. Miji ba shi da ikon korar kowa daga ƙasa. Iyakarsa ya sanar da Ma'aikatar Cikin Gida cewa zama ya ƙare, ita kuma tana iya rage wa'adin bizar. Shi ya sa aka buɗe hanya ta musamman: wadda ta zo da bizar aure, auren ya mutu saboda cin zarafi, tana iya neman izinin zama na dindindin da kanta, kuma akwai izinin wata uku da ke ba ta damar samun tallafin gwamnati da matsuguni kafin ta shigar da takardun. Ana samun lauyan da gwamnati ke biya a irin wannan. Wannan bayani za ki iya yi wa ɗaki guda na mata. Amma ki dubi takardun mace ɗaya ki ce mata ta cancanta, ko ta cike fom kaza, wannan ya fi ƙarfinki. Sashe na 84 na dokar shige da fice da neman mafaka ta 1999 ya hana ba wani mutum shawara a kan maganar zamansa a ƙasa sai ga lauya mai lasisi ko wanda hukumar da ke kula da masu wannan aikin ta yi wa rajista, kuma bai bambanta aikin kuɗi da na ƙungiyar da ba ta karɓar ko sisi ba. Saɓa masa laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har shekara 2. Hukumar a da ana kiranta OISC, daga Janairun 2025 ta koma Immigration Advice Authority, kuma tana da rajistar da ake duba sunan mai ba da shawara a intanet. Ki koya wa matan duba wannan rajistar, domin masu karɓar kuɗin mutane da sunan gyaran biza a bayan kanti suna nan da yawa.

Yanzu maganar nikah, wadda ita ce ta fi damunmu a wasiƙar. Jumlar da kika faɗa gaskiya ce a wani wuri, amma mai yiwuwa ba a kan wannan matar ba. Dokar Aure ta 1949 tana magana ne a kan auren da aka ɗaura a cikin Ingila da Wales. Kafin ya zama aure a idon kotu sai an ba da sanarwa a ofishin rajista an jira kwana 28, an ɗaura shi a ginin da aka yi wa rajistar ɗaurin aure, a gaban jami'in rajista ko wanda aka ba izini. Akwai masallatan da suka cika wannan sharaɗi, da yawa kuma ba su cika ba. Nikah a falon gida ko a zauren biki, ba tare da an bi ta ofishin rajista ba, shi ne wanda kotu ba ta gani. A shari'ar Akhter da Khan, an ɗaura musu nikah a wani gidan abinci a Landan a 1998, suka haifi 'ya'ya huɗu, amma a Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce bikin bai kai matsayin da za a raba musu dukiya irin ta ma'aurata ba.

Auren da aka ɗaura a wata ƙasa kuwa hukuncinsa daban ne. In ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, kuma ma'auratan sun cancanci yin aure, galibi Ingila tana karɓarsa. Matar da aka ba biza a matsayin matar aure, Ma'aikatar Cikin Gida ta riga ta duba takardar aurenta ta amince da ita. Ke nan akwai kyakkyawan zaton cewa cikakkiyar matar aure ce a dokar Ingila, mai haƙƙin neman saki a kotu da rabon dukiya. Sakin baki da miji zai furta a cikin Ingila ma ba ya raba auren a doka, sai kotu, haka dokar iyali ta 1986 ta tanada. Idan ta tafi da maganarki a zuciya, ta tafi ne da tabbacin abin da mijin yake so ta yarda da shi, cewa ba ta da komai. Dole a warware mata wannan da wuri, kuma daga bakin lauya. A bayaninki na gaba, duk lokacin da za ki ambaci nikah ki fara da tambayar da ke raba hukuncin gida biyu: a ina aka ɗaura? Ki kuma faɗi cewa Scotland tana da nata tsarin. Ko wadda nikah ɗinta bai da rajista, kada a bar ta da cewa ba ta da komai: kuɗin ciyar da yara yana kan uba ko da aure ko babu, tana iya neman umarnin kotu na hana cin zarafi ba tare da biyan kuɗin shigar da ƙara ba, kuma in ta zuba kuɗi a gida akwai hanyar neman kasonta.

Kada ki yi mamakin yadda ta riƙe ki. Tun Afrilun 2013 da aka zabtare tallafin lauya kyauta a yawancin shari'o'in iyali da aiki da shige da fice, mutane da yawa ba su da inda za su kai tambaya, duk wanda ya tsaya a gabansu ya ambaci doka lauya ne a wurinsu. Don haka ki haddace amsarki tun kafin a tambaye ki: "Ni ɗaliba ce, ba ni da izinin duba maganar mutum ɗaya, kuma in na yi kuskure ke zai cutar. Amma na san wadda za ta duba miki, zo in haɗa ku." Sannan ki haɗa su da gaske. Miƙa wa mace lambar waya a takarda sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Ki nemi izininta, ma'aikaciyar cibiyar ta buga wayar tana zaune, a sa rana.

Shirun da aka yi miki kuma yana da dalilai, kuma duk masu gyaruwa ne. Na farko, kalmar 'yan Asiya ta yi faɗi. Ƙidayar 2021 ta nuna su kusan miliyan 5.5 ne a Ingila da Wales, kashi 9.3 cikin ɗari, kuma ba harshe ɗaya ko addini ɗaya ba ne. Yawancin 'yan Pakistan na garuruwa irin su Bradford asalinsu daga yankin Mirpur ne, da yawa iyayensu sun taso ne a shekarun 1960 lokacin da madatsar ruwa ta Mangla ta cinye garuruwansu. A gida Pahari suke yi, ko da an ce miki Urdu. 'Yan Bangladesh mafi yawansu daga Sylhet suke, kuma Sylheti ya bambanta da Bengali na littafi. A Leicester za ki tarar da Gujaratawa, cikinsu har da zuriyar waɗanda Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972. Ki tambayi ma'aikaciyar cibiyar wane harshe matan ke hira da shi a tsakaninsu, da wanda suke iya karantawa, domin dattijuwar da ke jin Urdu ba lallai ta iya karanta takardar Urdu ba.

Tafinta ta zama mace, kuma ba 'yar unguwar ba in da hali. A inda dangi suke auren juna suna zaune layi ɗaya, ba wadda za ta yi tambaya a kan saki alhali tafintar ƙanwar surukar wata ce. Yaro kuma ba ya yi wa uwarsa tafinta a irin wannan magana ko kaɗan. Ki zauna da tafintar minti goma sha biyar kafin a fara ku bi kalmomin da za su fito, ki riƙa yin jumla biyu ki tsaya. Fassara tana ninka lokaci, don haka bayanin minti ashirin shi ne zaman minti arba'in. Lokacin zaman mata ya faɗo tsakanin kai yara makaranta da ɗauko su, kamar ƙarfe goma zuwa sha biyu. Maza masu tuƙin tasi da ma'aikatan gidajen abinci ba su da yamma, sai bayan Juma'a ko rana a farkon mako.

Na biyu, kin ɗora musu kaya uku a zama ɗaya. Magana ɗaya ta isa, kuma a kowace magana abu uku kawai kike so su fita da shi: su gane cewa wannan damuwar doka ta san da ita, su san wa'adinta, su san ƙofar da za su buga. Wa'adin shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa, kuma shi ne ya fi kashe ƙara. Mai aikin kicin da aka riƙe wa albashi, wa'adin da aka daɗe ana aiki da shi a kotun ma'aikata wata uku ne ba kwana ɗaya, kuma sai ya fara sanar da ACAS, hukumar sasanta ma'aikata da masu ba su aiki, kafin ya shigar da ƙara. Ki gaya masa mafi ƙarancin albashi, wanda ya kasance fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama daga Afrilun 2025 kuma yake sauyawa duk Afrilu, ki ce ya sayi ƙaramin littafi yana rubuta lokacin shiga da na tashi kullum. Mai haya ya san cewa kuɗin ajiyar da mai gida ya karɓa ba ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje, dole a sa shi a asusun kariya cikin kwana 30, kuma mai gida ya canza makulli ya watso kaya waje ba tare da kotu ba laifi ne a dokar 1977. Dokokin haya da na aiki duka an yi musu babban gyara a 2025, sassansu suna fara aiki a lokuta daban-daban, saboda haka kowace takarda da za ki raba lauyarku ta duba ta, a buga ranar dubawar a ƙasanta, kuma kada ki gaji takardar ɗaliban bara ki raba.

Na uku, lacca kika yi. Salon wayar wa jama'a kai a kan doka da ɗaliban Jami'ar Georgetown ta Amurka suka faro a 1972 an gina shi ne a kan mahalarta su yi magana. Ki ƙirƙiro mace wadda babu ita, ki ba ta suna da shekaru da yara biyu, ki ce mijinta ya rasu bai bar wasiyya ba, gidan da sunansa, nikah ɗinsu a falo aka ɗaura a Ingila. Ki tambaye su: wa zai ci gidan? Za ki ga bakin da ya ƙi buɗewa ya buɗe, domin kowa tana iya tambayar damuwarta da sunan wannan matar. Ki ajiye kwali da ƙananan takardu a bakin ƙofa don tambayar da ba a son a san mai ita. Kuma tun farko ki faɗa cewa kada kowa ta ba da labarin gidanta a cikin taro, ki kuma faɗi iyakar sirri: in aka ji yaro yana cikin haɗari, dole a sanar da mai kula da kariya ta cibiyar.

Da za mu zaɓa miki maganar da za ki fara da ita, wasiyya za mu zaɓa. Ba ta da abin kunya, maza da mata suna son ji, kuma ita ke jawo maganar rajistar aure ba tare da kowa ya tsargu ba. In mutum ya rasu a Ingila ba wasiyya, ya bar mata da 'ya'ya, matar da doka ta sani tana ɗaukar kayan amfaninsa da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai, mace da namiji. Iyayensa ba su da komai, ba maganar sudusi. Matar nikah marar rajista kuwa ko tumunin takaba ba ta da shi a wannan rabon, sai dai ta je kotu ta nemi a duba ta a ƙarƙashin dokar 1975, kuma wa'adin wannan wata shida ne daga ranar da aka ba da izinin raba gadon. Wanda ke son a raba dukiyarsa yadda addininsa ya ce, hanyarsa ita ce rubuta wasiyya, ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa. Inda ake yawan ɓata ta: a sa ɗa ko matar ɗa shaida, alhali shaida ko abokin aurensa yana rasa abin da aka ba shi a wasiyyar. Sannan ɗaura aure na doka yana soke tsohuwar wasiyya, sai in an rubuta ta da niyyar wannan auren. Ke nan ma'auratan da kika shawo kansu suka je ofishin rajista suna buƙatar sabuwa.

Zamanki baƙuwa a cikinsu ba naƙasu ba ne. Ba ki cikin danginsu, maganar da aka gaya miki ba za ta riga mai ita isa gida ba, kuma kin san sadaki da idda da gado ba sai an yi miki bayani ba. Sai dai ki tsaya a dokar ƙasa. Yawancin Musulmin Pakistan da Bangladesh Hanafawa ne, ke kin tashi a Malikiyya, kuma ba fatawa aka aiko ki ba. In za a yi zaman nikah a masallaci, ku gana da liman tun kafin ranar, ya ji abin da za ki faɗa, har da cewa daga 27 ga Fabrairun 2023 aurar da wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne a Ingila da Wales ko da nikah ne kawai ba rajista, kuma hukuncin yana kaiwa shekara 7. Gara ya ji daga bakinki a ofishinsa da ya fara ji a gaban jama'a.

Bizarki kuma: ɗalibin digiri yana da awa 20 na aiki a mako lokacin karatu. Sa-kai zalla, wanda ba kwantiragi, ba tilas na zuwa, ba biya sai kuɗin mota, ba ya shiga lissafin. Amma aikin da ba albashi wanda aka ɗaure ki da ranaku da ayyuka kamar ma'aikaciya yana shiga. Ki rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku yadda aikin yake, ki nemi amsa a rubuce ki ajiye. UKCISA, ƙungiyar da ke ba ɗaliban ƙasashen waje shawara, ita ma tana da bayani a kai. Kada ki karɓi kuɗi ko tukuici don cike wa wani fom, domin bizar karatu ta hana sana'ar kai, kuma hukumar SRA da ke kula da lauyoyi tana duba halin mutum kafin ta ba shi lasisi. Ki tambayi lauyarku ko wani ɓangare na aikin zai shiga cikin shekara biyu na gogewa da ake nema a tsarin SQE na zama lauya, ki riƙa rubuta ranaku da abin da kika yi tun yanzu.

Kafin zama na gaba ki haɗa katin inda za a je, ƙarami wanda zai shiga jaka: Citizens Advice da cibiyar lauyoyin unguwa in akwai, ACAS, Shelter don maganar gida, sai Karma Nirvana da Muslim Women's Network UK da Southall Black Sisters don matan da ke cikin tsanani. Ki cakuɗa su a jeri ɗaya a ƙarƙashin take na gama-gari, yadda in miji ya tsinci katin ba zai ga komai ba sai lambobin haya da albashi. Ki buga wa kowace waya da kanki kafin a buga katin, ki tambayi ranakun da suke ɗauka, ko suna da tafinta, da ko suna karɓar sababbin mutane a wannan watan.